DANDALIN 'YAN MATA: Sa Wa Gorar Zoɓonki Suna

A wannan fitowa zancen soyayya zai ɗan huta, sana'a za mu taɓa, sana'ar da da wuya ki shiga layi guda a garuruwanmu ba ki tarar da mai yinta ba, wato zoɓo da kunun aya da lemon citta da na tsamiya da ake ɗurawa a gora.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, kan titin Kano zuwa Zariya, ko a tashar Tudun Wadar Ɗankadai, ko can gaba da dajin Falgore a ƙasar Doguwa, ta san kafin direba ya gama taka burki yara sun yi wa mota caa, kowa da bokiti ko kula cike da goruna. Haka abin yake a Tiga da Bagauda ta ƙasar Bebeji, inda baƙi ba sa yankewa saboda dam da makarantar horar da lauyoyi. To amma ki tsaya ki dubi gorunan nan da kyau. Duk iri ɗaya ne, ja wur a cikin robar ruwa ko ta lemon kwalba, wata ma da tsohuwar takardar kamfani a jikinta. Babu mai iya gaya miki wannan daga gidan wa ta fito, balle yaushe aka ɗura ta.

Kin ga asara biyu ke nan. Matafiyi ya sha zoɓonki ya ji daɗi har kunnensa, ranar dawowa ya nema, sai ya sayi na wata domin bai san naki ba. Ko kuma ya sha na wata da ya kwana uku a rana, cikinsa ya ɗauka, ya rantse shi da zoɓon garinku har abada, alhali ke da asuba kika tashi kika tace naki tsaf. Maganin wannan duka 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba, wadda za ki manna a jikin gora. Wasu na ce mata sitika, wasu tambari. Ko me kika kira ta, ki sani alkawari ne kika rubuta tsakaninki da wanda zai kai abinki bakinsa, don haka gaskiyar abin da ke jikinta ake fara dubawa, ado ya biyo baya.

RANAR DA KIKA YI SHI

Abu na farko da za ki tanadar wa wuri a takardarki shi ne kwanan wata. Bari in gaya miki dalili. Duk abin sha mai suga, in ya zauna cikin zafi, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin yis ɗin da ake sa wa fanke da burodi, suna nan a iska da jikin ɓawon abarba da hannun mutane. Su ne ke cinye sugan, su fitar da iska da tsami, har da barasa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kike ganin gorar da ta kwana ta kumbura ta yi tauri, kina buɗe murfin ta ce fuss, kumfa ya taso. Wannan zoɓo ya juya, ba na sayarwa ba ne kuma.

Ta wannan hanyar ce ma Turawa suke yin giyarsu ta inabi, wadda mu addininmu ya haramta mana. Su da gangan suke barin ruwan inabin ya juya, kuma a jikin kwalbar suna rubuta shekarar da aka tsinko inabin da yankin da aka noma shi. Akwai wani gida a yankin Bodo na ƙasar Faransa da tun 1945 kusan kowace shekara sai ya samo shahararren mai zane ya ƙawata masa takardar kwalba, har zanen Picasso aka sa a ta 1973. Kayan cikin kwalbar ba namu ba ne, Allah Ya tsare mu, amma ki lura da abu guda: su daɗewa ce abin alfaharinsu, shi ya sa suke rubuta shekara. Mu kuwa sabunta ce abin alfaharinmu, don haka rana za mu rubuta, wani abin ma har da lokaci.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya barinsa ya wuce yammacin rana ta uku. Kin ga tun a wancan zamani ana ƙirga wa abin sha kwanaki.

Kunun aya ya fi kowa saurin fushi, in babu ƙanƙara ko firji ko yini ba ya kaiwa a lokacin bazara, balle ya kwana. Zoɓo ya ɗan fi shi haƙuri, amma shi ma in ba sanyi kada ki yarda ya wuce washegari. Don haka ki sa a buga miki layi biyu da fili a gabansu: "An yi ranar ......" da "A sha kafin ......", ke kuma kullum ki cike da biro ko maka. A ƙasa ki ƙara da "A ajiye a wuri mai sanyi". In kin yi haka, yaron da kika ɗora wa talla ba zai iya cusa kwantan shekaranjiya a cikin na yau ba, ke ma zuciyarki ba za ta raya miki ki yi ba, tunda ga rubutun hannunki yana kallonki.

ME KIKA ZUBA A CIKI?

Na san da yawanku kun tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, gab da azumi. Mutane suka dinga shan lemon haɗi ana kwasarsu zuwa asibiti, amai da jiri, wasu har da fitsarin jini. Ɗaruruwa aka kwantar, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Da hukumomin lafiya da hukumar NAFDAC suka bi sawu, sai aka gano gurɓataccen garin haɗa lemo ne da wani sinadari da aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Masu haɗawar da yawa ba su san guba suka saya ba.

Darasi biyu ne a nan, 'yar uwa. Ke da kike son a yarda da takardarki, kada ki sayi garin da ba shi da tasa takardar. Duk filebo ko kala ko ɗan tsamin da aka buɗe buhu aka ƙulla miki a farar leda, ki bar shi ko da kyauta ne. In tsami kike so ga tsamiya nan, ga lemon tsami, shi kansa zoɓo da tsaminsa Allah Ya halicce shi. Na biyu kuma, ki jera duk abin da kika zuba a jikin takardar, ki fara da wanda ya fi yawa: ruwa, zoɓo, suga, abarba, citta, kanumfari. Na kunun aya: ruwa, aya, dabino, kwakwa. In kin ƙara suga ki faɗa, kada ki ce zallar dabino ne, domin wataƙila dattijon da zai saya mai ciwon suga ne, kalmarki ya dogara da ita. In akwai gyaɗa ko madara a haɗinki su ma ki ambata, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Wannan ba tona asirin sana'a ba ne, ai ba ki faɗi ma'auni ba, sirrin yana hannunki.

SUNA LINZAMI

Sai mu zo kan suna. Ki zaɓi gajere, kalma biyu ko uku, wanda yaro zai iya faɗa a bakin tagar mota, matafiyi kuma ya riƙe shi har ya dawo. Ba sai kin aro Turanci ba. Dubi abin da garinku ya yi suna da shi: in 'yar Tiga ce ke ga ruwan dam da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, in ta Doguwa ce ga duwatsun Riruwai da sanyinsu, ga inuwar Falgore, in ta Tudun Wada ce ga fadamun shinkafa. Ko ki sa sunan kakarki da ta koya miki haɗin, ko inkiyar gidanku. Kafin ki buga, ki zaga ki tabbatar babu wata a yankinku da ta riga ki, don kada sana'a ta jawo gaba tsakanin maƙwabta. A ƙarƙashin sunan ki sa unguwa da gari, sannan yawan abin da ke ciki. Yawancin gorunan da muke amfani da su an rubuta girmansu, 35cl ko 50cl ko 75cl, ita 50cl ɗin rabin lita ce. Abin da kika rubuta shi za ki cika.

Yanzu ga abubuwa huɗu da nake roƙonku don Allah kada su hau takardar.

Na ɗaya, lambar NAFDAC ta ƙarya. Hukumar nan an kafa ta ne a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, kuma ita kaɗai ke ba da lambarta bayan ta duba kaya da wurin da ake yinsu. Wani mai shagon kwamfuta zai ce miki, "Hajiya bari in ɗan sa miki lamba, ya fi kama da na kamfani." Ki ce masa a'a. Laifi ne da ke kai mutum gaban hukuma, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In sana'a ta bunƙasa har kina son kai kaya kantuna, hukumar tana da ofis a Kano, sai Baba ko Yaya ya raka ki a bi hanya.

Na biyu, da'awar magani. Kada ki rubuta "yana maganin hawan jini da basir da sanyin mata". Gaskiya ne masana sun ga zoɓo na ɗan sauke jini, amma wannan bai mai da ke likita ba, kuma wani zai iya ajiye maganinsa na asibiti saboda rubutunki. Masu juna biyu ma ana ba su shawarar su tambayi ma'aikatan lafiya kafin su yawaita shansa.

Na uku, aya ko sunan Allah. Niyyarki neman albarka ce, na sani, to amma ina gora take ƙarewa? A kwata, a bola, ko a ƙarƙashin tayar mota. Ki yi bisimillarki lokacin da kike ɗora tukunya, ya wadatar.

Na huɗu, kuma a nan nake son 'yan mata ku buɗe kunne da kyau: hotonki da lambar wayarki. Gorar nan da kike gani ba ki san hannun da za ta faɗa ba, daga Kwanar Ɗangora sai ta kwana a Kaduna ko Jos. Ranar da kika sa fuskarki da kwalliya da lambarki, to ki shirya, ƙarfe goma sha ɗayan dare waya za ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, don Allah mai zoɓo ce?"

"Eh ita ce, guda nawa za a kawo?"

"Ai ranki ya daɗe ni ba zoɓon ne ya dame ni ba, mai zoɓon nake son gani."

Kin ji fa! Tun kuna dariya ke da ƙawayenki har abin ya kai kunnen Baba ya ce an soke sana'ar, ko ya kai kunnen wanda ya kawo kuɗin gaisuwa a shiga ba-ta-kashi. Mai son ki da gaskiya ƙofar gidanku zai zo ya yi sallama da iyayenki, ba a jikin gora zai tsince ki ba. Ki sa lambar Umma ko ta yayanki, ko a ware layi guda na sana'a da ke zaune a gida. Matar aure kuma ta shawarci maigida kafin a buga.

YADDA ZA KI TSARA TA

To mu zo kan ado. Ɗauki farar takarda irin ta fotokwafi, wadda ake kira A4, faɗinta santimita 21, tsawonta ya kusa 30. In kika ninka ta sau uku za ta ba ki gida 8, kowane gida kusan santimita 10 da rabi ne a 7 da rabi, daidai cikin gorar rabin lita. Yanki guda ki ɗora a jikin gorarki ki gani, a wurin da ya yi sumul, ba kan ƙugun da ke da gurzo ba. Kada takardar ta rufe gorar duka, bari jan zoɓon ya fito, shi ne ke kiran mai ƙishirwa tun daga nesa.

Wajen launi ki tuna abin da ke cikin gorar shi ma launi ne. Zoɓo ja ne mai duhu, in kika sa masa jar takarda ko baƙa sai ta ɓace, fara ko ruwan ƙwai ita ke haska shi. Kunun aya fari ne, shi kuma kore mai duhu ko ruwan ƙasa ke fito da shi. Launi biyu sun isa. Kamar kwalliyar fita biki ce, wadda ta haɗa jan ɗankwali da koren mayafi da shuɗin takalmi da jaka ruwan goro, kallo za a bi ta da shi amma ba na sha'awa ba.

Sunan ya zama shi ne mafi girma, da harufa masu kauri waɗanda ba su da lanƙwashe-lanƙwashe. Ga gwaji mai sauƙi: manna ta a gora, ki ba ƙanwarki ta tsaya a bakin zaure, ke kina tsakar gida. In kin karanta sunan ba tare da kin ƙanƙance ido ba, ya yi. Zane guda ya isa, furen zoɓo, ko 'ya'yan aya uku, ko ƙwarya da ludayi, ko dagin Arewa a gefe. In kin iya zane ki yi da hannunki, irin zanen fulawar da kuke yi wa juna a lalle, a ɗauke shi a hoto a sa a kwamfuta, babu wadda za ta yi irin naki. Masu babbar waya kuma akwai manhajoji irin su Canva da ake tsara wannan a ciki.

Ki tsaya a kan mai buga miki ya sa ƙugiyar harufa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma ki karanta da kanki kafin ya buga da yawa. Sannan ki yi tunanin ƙara sunan da ajami a ƙasan na boko. Iyayenmu da kakanninmu da yawa a karkara ajami suka fi ganewa, kin ga ai har yanzu yana jikin takardar Naira 500 da ta 1000. Malamar Islamiyyarku za ta rubuta miki shi da kyau.

Babban maƙiyin takardar gora ruwa ne, tunda cikin ƙanƙara za ta yini. Akwai injin buga takarda mai tawadar ruwa, wannan da ya jiƙe sai rubutun ya zube kamar kwallin mai kuka. Ki ce a buga miki da mai tawadar gari, irin na injin fotokwafi, shi ba ya zuba. In da hali, masu buga sitika a cikin Kano suna da mai santsi kamar leda wadda ruwa ba ya ci. In jari bai kai ba, kada ki damu: a buga miki baƙi da fari, ki yanka da almakashi, ki cike kwanan wata, ki bi ta kai da faffaɗan salatif ya zagaye gorar. Wata dabarar kuma ki sa a sassaƙa miki hatimin roba mai sunanki, ki dinga bugawa da kanki. Ki manna tun gorar tana bushe, kafin ta shiga sanyi ta fara gumi, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Lissafin ma ba wuya: takarda 10 za ta ba ki gora 80, sai ki raba kuɗin bugun gida 80 ki ga abin da ya hau kan kowace gora kafin ki yanke farashi.

GORAR KANTA

Kyakkyawar takarda a kan ƙazamar gora yaudara ce. Sabuwar gora mai murfin da ba a taɓa buɗewa ba ita ta fi, ana sayar da su a kasuwannin Kano. In tsohuwa za ki yi amfani da ita, ta zama kin san inda ta fito, kamar ta gidanku ko ta wurin bikin 'yan uwa, ba wadda aka tsinto a bola ko bayan asibiti ba. Mu nan ƙasar noma ce, daga Ƙiru har Doguwa, kuma kun san yadda ake ɗura maganin feshi da fetur da fiya-fiya a gorar lemo a ajiye a lungu. Irin wannan gora ko an wanke ta sau goma ba ta komawa ta abin sha. Ki jiƙa gorunanki ki ɓare tsohuwar takardar kamfani tas, domin sayar da kayanki a cikin rigar wani ba daidai ba ne. Ki wanke ciki da murfi da sabulu da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba don yana lanƙwasa roba, ki ɗauraye, ki kife su bushe. Ruwan haɗin kuma a tafasa shi, saboda taifot da amai da gudawa ta ruwa suke shigowa.

Kada ku raina sana'ar nan, ƙannena. Zoɓon da muke gani a bakin gona ana fitar da shi daga Jigawa da Kano har ƙasar Meziko, inda suke shansa kamar mu. A Sanagal bisap suke ce masa, a Sudan da Masar karkade, a Gana sobolo. Abin da duniya ke nema ai bai kamata mu fitar da shi tsirara ba suna ba. Ga lokacin biki, uwar amarya za ta so a buga mata gora 200 da sunan ango da amarya, ga suna, ga walimar sauka, ga shan ruwa da azumi. Wadda aka san sunanta ita za a nema, kuma ko a takardar biki ki bar ɗan wuri a ƙasa na sunanki da kwanan wata. Da ribar nan wata ta biya kuɗin jarrabawarta, wata ta rage wa Umma nauyin kayan ɗaki. Sai dai 'yan makaranta a kula, tukunyar zoɓo kada ta cinye lokacin bitar karatu, a bari sai Asabar da Lahadi ko hutu.

A nan zan dakata. Wadda ta tsara tata takardar ta aiko mana da samfuri ta adireshin mujalla, za mu zaɓi masu kyau mu nuna wa sauran 'yan uwa. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake haɗa humra da turaren wuta na amare. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ba 'yan mata mazaje nagari, amin.

Taku har kullum,
Yayarku ta Dandali.